Ƙwayoyina da Ke Zuwa Zumuntar Mata

Da aka sallamo ni daga asibiti ban koma ɗakin matata ba. Ɗakin da ke jikin rumbu na sa aka share, inda muke ajiye kayan noma da buhunan gyaɗa, na shimfiɗa tsohuwar katifata ta bariki. Na ce mata saboda robar fitsarin da aka sa mini ne, kada in ɓata mata gado. A lokacin gaskiya ne. Da aka cire robar, fitsari ya ci gaba da ɗiga in na yi tari ko na ɗaga kaya, na sami dalili na biyu. Daga baya wannan ma ya tsaya. Dalili ya ƙare, ni kuwa ina nan jikin rumbu tare da ɓeraye.

Abin da ya riƙe ni shi ne gabana ya daina tashi. Ba ni da wata kalma mai laushi da zan sa masa.

Ciwon daji ne, in ji likita, a wani ɗan nama da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda maza kaɗai ke da shi. Na haura sittin ina yawo da naman nan ban san yana wurin ba sai da ya lalace. Babban ɗana, wanda shi ma soja ne, shi ya kai ni babban asibiti a Zariya, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, ana hawa dutse neman sabis. Suka ce an yi sa'a an gano da wuri. Suka yanka ni suka cire. Ban ji tsoron wuƙarsu ba. Akwai ƙarfen yaƙin basasa a cinyata ta hagu har yau, kuma wanda ya ɗinke ni a wancan lokacin bai tsaya neman maganin barci ba.

Aiki biyu na sani a duniya, noma da soja, kuma duk biyun abu ɗaya suka koya mini. A wurinmu ba a auren mace da daɗin baki. Golmo ake yi: saurayi ya haɗu da sa'o'insa su yi ta noman gonar uban yarinya, damina bayan damina, har shekara bakwai, sannan a ba shi ita. Wanda ya zo neman mata da rabin aiki, tsofaffi su kore shi, 'yan mata su sa shi a waƙa. Ni na gama nawa, surukina bai sami abin cewa ba. Da na shiga soja aka ƙara mini da cewa ba a fita da bindigar da ba a gwada ba. Ka kai ta filin harbi, ka tabbata tana tashi, sannan ka tunkari abin da ke gabanka. Don haka na yanke a raina: ba zan tsallaka tsakar gidan nan in tura ƙofar matata ba sai na tabbata. Ban gaya mata ba. Ban ga abin gaya mata ba, tunda gyara nake shirin yi.

Mun haura shekara arba'in tare. Ta bi ni bariki-bariki, ta haifi 'ya'ya a garuruwan da ba ta jin yarensu, mun binne wasu, wasu sun girma. Ni da ita ba mu iya maganar soyayya ba. In mun yi faɗa da rana, a ɗakin nan ake shiryawa, ba tare da wani ya ce yi haƙuri ba. Da aka ɗauke mini wannan sai na rasa da wane baki zan yi mata magana. Kowace yamma tana barin ƙofarta a ɗan buɗe, ina gani daga inda nake. Na taɓa ratsa kogi ana harbi. Tsakar gidan nan ta gagare ni.

Wanda ya fara ganewa shi ne abokina na golmo, tsohon kofur, da ke zaune kan hanyar Mahuta. Tare muka yi noma, tare muka shiga soja. Ya zo duba ni, ya leƙa ɗakin, ya ga katifa tsakanin buhuna.

"Saje, gadin gyaɗa aka ba ka?"

"Iska ta fi shiga nan."

"Ɗakin da ba taga?"

Ya zauna ya ci gyaɗata, ya tafi. Ranar kasuwa ya dawo da kwalba cike da saiwoyi cikin wani jan ruwa, ya ce daga wani tsoho ne a Wasagu, wanda ya haifi autansa yana dogara sanda. Na sha. Abin da ya tashi cikina ne. Na yi ta zarya bayan gida har ƙafafuna suka daina ɗaukata. Matata ta dama mini kunu, ta tsaya bakin ƙofa tana kallona ina sha, ba ta ce komai ba. Wannan ya ba ni mamaki, don ita ba mai shiru ba ce. A bariki matan sojoji kan san muryarta kafin su san fuskarta.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, ɗana ya sake kai ni. Likitan yaro ne, bai girme shi ba. Ya duba sakamakon jini ya ce dajin bai nuna alamar dawowa ba. Ya tambayi fitsari, na ce ya tsaya. Sai ya ajiye biro.

"Baba, harka da Mama fa?"

Ɗana ya ɗaga kai ya kama kallon fanka.

"Lafiya lau," na ce.

Likitan bai yarda ba, amma bai ƙaryata ni ba. Ya ce jijiyoyin da ke tada namiji suna manne da naman da aka cire, dole an taɓa su, suna daɗewa kafin su farfaɗo, wani lokacin ma ba sa dawowa duka. Ya ce ya auna zuciyata da jinina, ba abin da zai hana ni shan wata ƙwaya da ke taimakawa. Ɗaya ake sha, ba a wuce ɗaya a yini, kuma a ba ta kamar awa guda. Ya buɗe baki zai ci gaba, ni kuma na ga ɗana yana neman ƙofa da ido. Na miƙe.

"Na gane, Likita."

"Ban gama ba, Baba."

"Na gane."

Ya dube ni, ya dubi ɗana, ya ce to, amma zuwa na gaba in zo da matata. Na ce to. A raina na ce ba a kai mace wurin gyaran bindiga. Ɗana ya karɓo maganin ya miƙo mini a leda yana kallon wani wuri. Har muka wuce Kontagora ba wanda ya yi wa wani magana, sai da ya tambaye ni ko zan ci ayaba.

Na ɓoye kwalin cikin tsohon takalmina na soja. Saura ranar gwaji. Gidanmu ba ya rabuwa da mutane, amma duk Alhamis da yamma matata kan ɗaura zanen zumunta ta tafi coci, inda mata ke taruwa su yi waƙa da addu'a da abin da suka fi iyawa, wato labarin mutane. Surukata, matar ƙaramin ɗana, takan bi ta da yara. Gida ya zama nawa. Filin harbina ke nan.

Alhamis ta farko na jira har muryarsu ta ɓace, na haɗiyi ƙwaya da ruwan randa. Shuɗiya ce, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ɗauko kujera na zauna tsakiyar ɗaki, na sassauta mazagi, na ɗora hannuwa bisa gwiwa, na kama jira. Jira ba baƙona ba ne. Na taɓa yini cikin rami, ruwa har ƙirji, ban motsa ba.

Fuskata ce ta fara ɗumi. Hancina ya toshe. Kaina ya ɗauki sara. Da na leƙa waje, farar akuyarmu ta koma shuɗi-shuɗi kamar an wanke ta da bula. Na duba inda nake jiran labari. Shiru. Na ƙara jira har akuyar ta koma fara.

Suka dawo da faɗuwar rana, matata ta same ni riƙe da kai, ido ja, ina jan hanci.

"Saje, mi ya same ka?"

"Mura."

Alhamis ta gaba na canza dabara, na tsaya a tsaye, ko zaman ne ke danne hanya. Wadda ta biyo ta na yi ta zagaya ɗakin ina maci, don jini ya motsa. Duk ɗaya: akuya shuɗiya, ciwon kai, toshewar hanci. Kowane mako ta dawo ta tarar da ni haka, ta tambaya, in ce mura.

A cikin haka na lura gida ya canza. Matar da ke yi mini faɗa kan barin garma a hanya ta daina. Muryarta ta yi ƙasa. In na saɓi garma zan fita sai ta karɓe, ta ce in huta, ga yara. Ta daina cin abincin rana; in an zuba mata ta rufe ta ture. Zakaran da take kiwo don Kirsimeti, wanda ko jikoki ba ta bari su kora, na same shi cikin miyata tun damina ba ta yi tsakiya ba. Sai matan zumunta suka fara zuwa gaishe ni bibbiyu, suna durƙusawa, suna magana a hankali, suna cewa, "Sannu, Baba, Allah ya san da kai." Fasto ya zo ya dafa kafaɗata ya yi doguwar addu'a, ya roƙi Allah ya ba bawansa ƙarfin ɗaukar abin da ya same shi, ya kuma ba matarsa haƙuri.

Na ce shi ke nan. Ta gane, ta kai labari zumunta, yanzu coci duka an san Saje ya zama ɗaya daga cikin buhunan gyaɗa. Ran Lahadi na koma zama a bencin baya, ina fita kafin a tashi. Na ji haushinta ƙwarai, amma ban iya tambayarta ba, don tambayar ma sai na faɗi abin da bakina.

Da ƙwayoyin suka kusa ƙarewa na yanke cewa jabu ne. Na hau kabu-kabu na shiga gari, wurin wani ɗan Ibo mai kemis kusa da kasuwa. Ya daɗe a Zuru, 'ya'yansa ma a nan aka haife su, yana jin Hausa sosai, sai dai kowa namiji ne a bakinsa. Na tsaya gefe ina kallon kwalabe kamar mai karatu, har wata mai sayen maganin tari ta fita.

"Baba Saje, tun ɗazu kana tsaye kamar an sa ka gadi. Mi za a kawo?"

Na ajiye kwalin bisa kanta, na rufe da hannu, sannan na ɗaga hannun kaɗan.

"Duba mini wanga. Jabu ne?"

Ya juya shi, ya ɗaga shi ga haske. "Ina ka samu?"

"Asibiti. Bayan aikin da aka yi mini."

"Mai kyau ne. Ya ma fi wanda nake sayarwa."

"Ba ya aiki."

Ya tambaya ko bisa tuwo mai nauyi nake sha, na ce a'a. Ko da burkutu nake haɗawa, na ce na bar burkutu tun kafin a yanka ni. Ya sosa kai.

"To Mama mi ya ce?"

"Ba ta nan."

"Ya yi tafiya?"

"Zumunta take zuwa."

Ya dube ni. "Tsaya, Baba. Kana sha lokacin da Mama yana coci?"

"Gwaji nake."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai."

"Kana yin mi?"

"Ina jira."

Ya ce in ɗan ba shi lokaci, ya shiga bayan labule inda yake ajiye kwalaye. Na ji kwalayen suna girgiza. Ya fito yana goge ido da gefen riga, ya ce wani abu ne ya faɗa masa.

"Baba Saje, wannan magani ba ya tada mutum shi kaɗai. Taimako yake yi. Sai kana tare da matarka, kuna hira, kuna wasa, ranka ya so, jiki ya fara, sannan shi ya tura. In ka zauna kana kallon bango, ciwon kai kawai za ka samu. Likita bai gaya maka ba?"

"Ya fara."

"Kuma kai da aka yi wa aiki, ba lallai ya yi a karo na farko ba, ko na biyu. Sai an yi ta gwadawa, Mama yana wurin. Je ka gaya masa."

"Ba zan iya ba."

Ya jingina da kanta. Ya san inda na yi yaƙi, na san inda aka haife shi, ba mu taɓa ɗaga maganar ba sai ran nan.

"Babana ya ce lokacin yaƙi, sojan Zuru ba ya tsoron komai."

"Babanka bai san matata ba."

Ya koma bayan labule.

A ƙasa na koma gida, don in sami lokacin shirya magana. Ban shirya komai ba. Abu ɗaya na yi ta juyawa a hanya: maganin nan ba ya gwaduwa sai a gabanta. In ya ƙi, a gabanta zai ƙi. Wato an ce in je wa mata da rabin aiki, abin da ban yi ba ina saurayi, yanzu zan yi shi da furfura. Na shiga gida na mayar da kwalin cikin takalmi ta ƙofar baya, sannan na zagayo tsakar gida.

Rana ta karkata. Ba kowa sai ita. A kan igiyar shanya na ga kakina na soja, riga da wando, wanda ya yi shekara da shekaru a ƙasan akwati. Ta wanke, ta sa sitaci. Tana zaune kan 'yar kujera tana goge lambobina da toka.

"Mi wanga?"

"Kada gara ta ci."

"Gara ta bar shi duk shekarun nan, sai yau?"

Ta ci gaba da guga. Can ta tsaya, ba ta dube ni ba.

"Na ga abin da ke cikin takalminka. Tun tuni na gani. Ka dawo daga Zariya ba ka ce mini komai ba. Ɗanka ma na tambaye shi, ya ce in tambaye ka, ya kasa kallon idona. Duk mako kana daurewa a gabana, in na fita ka sha magani, in dawo in same ka ido ja kamar wanda ya yi kuka. Kafin nan cikinka ya zube har ka rame. Ka ƙi ɗakina don kada in ji kana nishi. Ni ba yarinya ba ce, Saje. Ciwon ya dawo. Wata nawa suka ba ka?"

Na tsaya. Na ga ita ce ta rame, ƙashin wuyanta ya fito. Ban lura ba sai ran nan, don duk watannin nan wani wuri nake kallo.

"Ba mutuwa zan yi ba."

"Kada ka yi mini ƙarya a tsakar gidana."

"Likita ya ce dajin bai dawo ba."

"To maganin mi ne?"

Na dubi akuya, na dubi rumbu, ba wanda ya taimake ni. Na gaya mata. A tsaye na faɗa, kamar mai ba da rahoto gaban hafsa: abin da wuƙa ta taɓa, abin da ya daina, saiwoyin Kofur, ƙwayar, Alhamis, kujera. Har da macin. Na ƙare da abin da mai kemis ya ce.

Ta ɗago ta dube ni. Lambar tana hannunta.

"Azumi nake tun saukar ruwan farko," ta ce.

"Ban sa ki ba."

"Zakarana."

"Ya yi daɗi."

"Matan zumunta sun gama raba aiki. An san mai dafa shinkafa, an san mai kawo itace. Fasto ya zaɓi waƙoƙi."

"Ni na ɗauka ɗayan labarin kika kai musu."

"Wane ɗaya? Na san shi ne?"

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, kuma da farko kukan ne. Daga baya ya juya. Ta yi dariya har ta zamo daga kujera ta zauna ƙasa, ta ce in nuna mata yadda na yi macin. Na ƙi. Tsohuwar muryarta ta dawo gaba ɗaya, na ji ta har cikin haƙorana, kuma ban taɓa jin daɗinta haka ba.

"Mu muna can muna roƙon Allah ya ja kwananka, kai kana nan kana gadin wando."

Na ce mata ban so in zo mata da rabin aiki ba ne, ta dai san ni. Ta goge ido da bakin zane.

"Da kake golmo, daga zauren babanka ka nome gonar babana?"

"A'a."

"Zuwa kake. Shekarar da zazzaɓi ya kama ka ma ka zo, ka tsaya bakin gona kana rawar sanyi, ko garma ba ka iya ɗagawa. Abokanka suka yi noman. Na kawo kunu, kai na fara miƙa wa. Ka tuna?"

Na tuna.

"Ran nan wane aiki ka yi?"

"Babu."

"Na kore ka?"

Ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"Ba na ce ban damu da abin ba. Na damu, ni ma mutum ce, ban mutu ba. In ya dawo muna so. Amma wata da watanni ba wanda ya yi mini minshari a kunne, ba wanda ya ɗora mini ƙafa mai sanyi. Ba ni da wanda zan yi gulmar surukata da shi. Ka zauna kai kaɗai ka yanke hukunci kan abin da yake na mutum biyu. Ɗauko katifarka. A'a, bar ta, ta yi warin ɓera. Ɗauko kanka."

Kafin in motsa ta riga ta shiga ɗakin rumbu, ta zazzage takalmin, ta fito da kwalin, ta ƙulle shi a bakin zanenta. "Wanga ya bar hannunka," ta ce. Sannan ta buɗe kwanon tuwon da ta ture da rana, ta cinye tas ina tsaye.

Saura abin da za a gaya wa zumunta. Na ce ta ce na sami sauƙi. Ran Lahadi ta tashi gaban jama'a ta ba da shaida, cewa mijinta da ta fid da rai da shi, ga shi likita ya ce ba a ga sauran ciwo ba. Ba ta yi ƙarya ba. Aka yi guɗa, aka buga ganga, Fasto ya sa na miƙe aka tafa mini. Kofur, da ya zo takanas daga hanyar Mahuta, ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce, "Na gaya maka tsohon Wasagu ba ya wasa." Na bar shi da imaninsa. Matar da aka ba dafa shinkafa kuwa, in ji matata, ta ɗan ji haushi, don ta riga ta aro tukunya.

Ba zan ce komai ya gyaru nan take ba. Karon farko ba abin da ya faru sai toshewar hanci. Ta ce ko ba komai yanzu murar ta sami mai jinya. Na biyu ma haka. Amma ina kwana inda ya kamata, kuma na gano akwai abubuwa da yawa tsakanin mutum da matarsa waɗanda na yi shekaru ina wuce su da sauri, kamar mai gudun kada mota ta bar shi. Ba zan lissafa su ba.

Zuwa na gaba tare muka tafi Zariya, muka bar ɗana a waje riƙe da jaka. Likitan ya fara da "Baba", ta ce ya bar Baba ya yi da ita, Baba ya riga ya gane sau ɗaya. Ta yi tambayoyin da ban san ana yi wa sa'an ɗanka ba, shi kuma ya amsa duka. Ya ce jijiya sai a hankali, a ci gaba da gwadawa, kada a sa wa rai ranakun da bai yi ba. Ya ce ko abu ya yi, ruwa ba zai ƙara fita ba, haka aikin ya gada. Ta ce 'ya'yan da take da su sun ishe ta. Ya ce in ƙwaya ta gaza akwai wani ɗan famfo da ake amfani da shi, akwai kuma allurar da mutum ke yi wa kansa a wurin. Na ce a wane wurin. Ya nuna. Na ce ƙarfen da ke cinyata ya ishe ni. Ita kuwa ta ce a bar maganar allurar a kusa, ba a sani ba.

Ba a kai ga allura ba. Bayan an yanke dawa, an cika rumbu, wata rana abin ya amsa. Ba kamar da ba, kuma har yau ba kullum ba. Wani lokacin ƙwayar ta yi, wani lokacin mu ƙare da hirar taki da awaki. Ran farkon ba ta ce komai ba sai washegari, da ta miƙo mini kunu a gaban kowa ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Saje." Surukata ta tambaya wane ƙoƙari Baba ya yi tun da safe haka. Ta ce mata ta kula da tukunyarta, tana ƙonewa.

Ɗakin jikin rumbu ya koma na gyaɗa. Kakin ta mayar ƙasan akwati, ta ce tunda an riga an goge, ranar da za a buƙace shi aiki ya ragu. Ta samo wani zakaran, ta ce wannan ko na kwanta gabanta ina shure-shure ba zan ɗanɗana shi ba sai Kirsimeti.

Ƙwayoyin kuwa ban ƙara riƙe su ba. Ita ke zuwa wurin ɗan Ibo ta sayo, ita ke ajiyewa, ita ke cewa yau. Na gaya mata na daina gwaji, yanzu na gane. Ta ce ta taɓa jin na faɗi haka. Duk Alhamis in ta ɗaura zanen zumunta, sai ta ciro su daga inda take ɓoyewa, ta ƙulle a bakin zanen, ta tafi da su coci. Ni in zauna ƙofar gida ina kallon akuya, fara tas, har su dawo.